Ɗaurin Bahago

A tsibirin Karkana teku ma gona ce. Tana da iyaka, tana da takarda, ana gadonta, ana kuma zubar da haƙoran juna a kanta. Munji ya fi kowa sanin haka, don shi ya zubar wa wansa Shadli haƙora uku da filafili ranar da aka zauna rabon ruwan mahaifinsu. A ranar ya hau jirgin ruwa mai zuwa birnin Safakis, kuma shekara goma sha huɗu ke nan bai sake taka tsibirin ba. Ya zama rayis ɗin haya, yana tuƙa wa masu hali jirginsu idan zafi ya shigo suka fito shan iska.

Bana sai ga saƙo daga uwarsu, Ummi Mabruka. Ta ce idonta ya tafi, ƙafarta ta tafi, ita ma tana hanya, kuma ba ta so ta tafi ta bar 'ya'yanta biyu ba sa ga maciji da juna. Ta ce ta shawo kan Shadli. In Munji ya zo ranar Alhamis, za su sa hannu a akushi ɗaya a gabanta, magana ta mutu. Munji ya saurari saƙon nan a waya ya fi sau ashirin. Ba ruwan gado yake so ba yanzu, ba komai ba. Akushin nan kawai yake so.

Jirgin da yake tuƙawa na Si Rida ne, wani mai kamfanin tayil daga Tunis, jirgi ne fari ƙal mai dogon jigo da ƙyalle biyu na kama iska. Munji ne ya yi ta zuga shi da daɗin baki har ya yarda yawon bana ya kai Karkana. Sun tashi daga Munastir ranar Litinin, farkon watan Yuni, suka yi wanka a tsibiran Kuriya, suka kwana a gindin ganuwar Mahdiya, suka ci gasasshen kifi a Shabba. Iska ta yi musu kirki duk hanya. A cikin jirgin akwai matar mai gida, Madam Dalanda, wadda ba ta fitowa rana sai da lema, da ƙanenta Nizar, ƙato mai faɗin ƙirji wanda ya zo da bindigar harbin kifi. Kwana uku yana nutso da ita, abin da ya harbo duka bai wuce leda ɗaya ba. Shi kuwa Si Rida yana son sitiyari idan ruwa ya kwanta kuma akwai mai ɗaukar hoto, yana da magana guda da yake maimaitawa kullum, wai abin da yake so da teku shi ne ba ta da mai ita.

Ranar Alhamis da hantsi dabinon Karkana ya bayyana, a tsaye kamar a kan ruwa ya tsiro. Munji ya yi aski tun asuba, ya sa sabuwar riga. Sai ga famfon da ke kwashe ruwa a ƙasan jirgi ya tsaya. Dole ya sauka. Kafin ya sauka ya damƙa wa Si Rida sitiyari, ya nuna masa inda ruwa ya yi duhu, ya ce nan ce hanya, duk inda ya yi haske tudu ne. Ya nuna masa layukan rassan dabino da aka kakkafa a ruwa, ya ce sharfiya ce, wato shingen kama kifi, gonakin mutane ne, kada ko inuwar jirgi ta taɓa su. Si Rida ya ce ya ji, tun kafin a haifi Munji yake ganin teku.

Minti ashirin ba a yi ba. Munji yana durƙushe da sukudireba a hannu sai ya ji jikin jirgin yana karce wani abu, ƙaras ƙaras, sannan aka buga shi da ƙasa har goshinsa ya daki injin. Ya fito da rarrafe. Jirgin ya ratsa shinge ya tattake rassa sun fi hamsin, ya hau tudu ya kishingiɗa gefe guda, ruwa kuwa janyewa yake yi. Si Rida ya ce hanya ya so ya yanke, ai ganye ne kawai.

Munji ya duba gabas ya ga hasumiyar masallacin ƙauyensu. Ya duba yamma ya ga dabino uku da suka karkata tare. Inda layukan biyu suka haɗu, nan yake tsaye. Duk faɗin tekun nan, gonar ubansa mutumin nan ya zaɓa ya shiga.

Bai gama haɗiye wannan ba ya ji ihun Nizar. Ƙaton ya riga ya dira, ruwa iya ƙugunsa, ya bi shingen har ƙurya inda kwandon da kifi ke taruwa yake. Ya datse igiyar da wuƙa, ya ɗago kwandon da kyar. Cike yake taf, manyan kifaye suna ta bugun juna, irin kamun da Munji bai taɓa gani ba a ƙarshen kakar kamun kifi irin wannan, sa'ad da saura kwana kaɗan a tsige rassa a bar ruwa ya huta. Kafin Munji ya isa bakin jirgi Nizar ya juye su a bokiti, ya miƙo, ya hau, ya zauna yana soke su ɗaya bayan ɗaya a ka don su daina tsalle.

Munji ya ce ya mayar, kifin mutane ne. Nizar ya yi dariya ya tambaya ko sunan mutanen yana rubuce a jelarsu. Munji ya kama bokitin, Nizar ya riƙe. Aka yi ja-in-ja, sai Nizar ya saki da gangan ya kawo masa karo da goshi a kan hanci. Munji ya ji ƙashin ya ba da sauti. Jini ya zubo a kan sabuwar rigar, ya kai naushi ya sami iska, Nizar ya sa masa gwiwa a ciki ya tura shi ya faɗa kan igiyoyi. Madam Dalanda ta ce don Allah su bari, suna ɓata mata hutu. Si Rida bai ko tashi ba.

"Rayis," in ji shi, "tuƙi aka ɗauko ka ka yi. Ba a ɗauko ka gadin kifi ba."

Munji ya kwanta a wurin yana haɗiyar jininsa. Kifin ya riga ya mutu, ba mai mayar da shi. Ruwa ba zai dawo ya ɗaga jirgin ba sai la'asar. Ya yi lissafi cewa masu sharfiya da sanyin safiya suke zuwa duba kwando, don haka ba wanda zai leƙo nan sai gobe. In ya gyara wurin, la'asar ta yi su sulale, ya sauka ƙauye, ya ci abincin nan. Wata rana, bayan zumunci ya yi ƙwari, sai ya faɗa wa Shadli a yi dariya. A nan ya yi wauta, kuma ita ce irin wautar da mai jin kunya yake yi yana ganin dabara ce.

Ya shiga ruwa. Ya tattaro rassan da ba su karye ba ya sake kafa su a laka ɗaya bayan ɗaya, jini na ɗiga daga hancinsa. Ya mayar da kwandon mazauninsa. Igiyar kabar da Nizar ya datse ta yi gajarta, sai ya ciro guntun farar igiyar jirgi daga aljihu ya ɗaure da ita. Bai ko duba ba. Hannunsa na hagu ne ya yi aikin, don shi bahago ne, ɗauri biyu, a zagayo ta ƙasa, a cusa kan a mayar baya, yadda ubansu ya koya musu da rankwashi tun ba su kai tsawon filafili ba.

Yana hawowa jirgi ya ji ƙarar inji daga wajen ƙauye. Kwalekwale ne shuɗi, mutum biyu a ciki. Na gaban bai gane shi ba tukuna. Na bayan kuwa yana tsaye da malafa, ƙafa ɗaya a kan bakin kwalekwalen, yana tuƙi da gwiwa. Mutum ɗaya ne a duk Karkana yake tsayuwar nan tun da uban ya mutu.

Babu yadda za a gyara maganar: Munji ɓuya ya yi. Ya faɗa cikin ɗakin jirgi ya ja ƙofa, ya tsuguna a bayan tebur, mutum mai shekara hamsin da furfura a gemu. Ya gwammace ƙasa ta tsage da wansa ya same shi a cikin jirgin da ya tattake gonar gidansu.

Ta ƙaramar taga ya ga kwalekwalen ya rage gudu. Na gaban Hamda ne, maƙwabcinsu, wanda tun suna samari hannunsa ya fi bakinsa sauri. Shadli ya tsufa, ya rame, amma muryar tana nan, da ɗan fito a cikinta inda haƙoran suka fita. Ya yi sallama yadda ya kamata. Ya tambaya wa ya shigo da jirgi cikin ruwansa. Si Rida ya leƙo daga sama ya ce ruwan wa, teku ai ta Allah ce. Nizar kuwa ya ɗaga bokitin ya nuna musu, ya ce in suna so a gasa da su, su kawo lemun tsami.

Shadli ya dubi bokitin nan ya daɗe. Hamda ne ya sunkuya ya ɗauko tulu ɗaya daga cikin tulunan da suke kama ƙarnit, dabbar tekun nan mai hannu takwas, da su, ya wurgo. Tulun ya fashe a jikin jigo, ɓaraguzai suka watsu. Na biyu ya sami Si Rida a kafaɗa ya zaunar da shi. Na uku ya shigo ta tagar da Munji yake leƙe, gilashi ya tsage masa kunci. Madam Dalanda tana ta kururuwa, Si Rida yana cewa zai kira 'yan sandan ruwa, zai sa a rufe tsibirin gaba ɗaya, bai san wayarsa tana cikin ruwa ba. Hamda ya kama igiyar gefe ya hau, ya damƙi Si Rida a wuya ya dinga buga kansa da sitiyarin da yake so ɗin nan.

Munji yana jin duk wannan a saman kansa, ƙafafu na dukan katako, bai motsa ba. Ya ji Shadli ya hau yana cewa Hamda ya sake shi, kifinsa kawai zai ɗauka ya tafi. Sannan ya ji wani sauti gajere, tas, kamar an saki roba. Sai wansa ya yi wata ƙara da sau ɗaya tak Munji ya taɓa jin irinta, shekara goma sha huɗu da suka wuce.

Bai san lokacin da ya ɓalle ƙofar ba. Shadli yana kwance a gefen da jirgin ya karkata, mashin bindigar ya shiga cinyarsa ta gaba ya leƙo ta baya. Nizar yana riƙe da bindigar, idonsa a waje, kuma don ruɗewa sai jan zaren mashin yake yi, yadda ake jawo kifi. Kowane ja sai tsohon ya sake ƙara. Munji ya fizgo ƙarfen da ake murɗa igiyar ƙyalle da shi ya sauke a kan hannun Nizar. Hannun ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Ya ƙara masa a haƙarƙari, ya ƙara a baki, ƙaton ya zube yana tofar da jini da gutsattsarin haƙori. Munji ya hau ƙirjinsa ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu, kuma da niyyar kisa ya ɗaga. Madam Dalanda ta faɗo a kan ƙanenta ta rufe shi da jikinta. A daidai nan Hamda, wanda bai san ko wane ne wannan mai jini a fuska da ya fito daga cikin jirgin ɓarayi ba, ya fasa masa tulu a ƙeya.

Duniya ta yi fari, ta dawo. Hamda ya ɗaga ragowar tulun zai ƙara.

"Hamda, bar shi," in ji Shadli daga inda yake kwance. "Ƙanena ne."

Munji ya ja jiki ya isa wurinsa. Bai taɓa kiran sunan wansa ba tun da ya iya magana, yau ma bai kira ba. Ya ce, "Sidi, kada ka motsa." Ya yanke zaren. Mashin yana da kunne, ba a jawo shi baya, sai ya sa Hamda ya danne ƙirjin, ya cusa wa Shadli bakin malafa ya ciza, ya tura ƙarfen gaba har ya fita ta bayan cinya. Jini ya yi tsartuwa ya wanke masa hannu. Ya laluba aljihu ya ciro sauran farar igiyar nan, ya zagaya cinyar sama da raunin, ya ja iya ƙarfinsa ya ɗaure. Jinin ya ragu, ya koma ɗiga.

Shadli ya tofar da malafar yana haki. Ya ɗago hannu ya taɓa gemun Munji, ya ce ya yi furfura, ya kuma yi tumbi kamar mai sayar da burodi. Munji ya yi dariya, hawaye na bin jinin da ke fuskarsa. Daɗin da ya ji a lokacin bai taɓa jin irinsa ba. Sai Shadli ya dubi jirgin, ya dubi ƙofar da ta ɓalle, ya sake duban ƙanensa, ya tambaye shi a hankali me yake yi a cikin jirgin mutanen nan.

Da Munji ya faɗi gaskiya a nan, wataƙila da ya tsira. Mutum ne da ya karya hannun wani saboda wansa yanzun nan, jinin bai bushe ba. Amma ya ga akushin nan a gabansa, kusa ƙwarai, sai tsoro ya kama bakinsa. Ya ce shi tuƙi kawai yake musu. Ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi tun daga Shabba, barci yake yi, bai san sun shigo sharfiya ba, bai san an taɓa kwando ba, ƙarar Sidi ce ta tashe shi. Ya rantse da kabarin ubansu. Shadli ya gyaɗa kai. A fuskarsa ana gani yana so ya yarda, kuma ya yarda ɗin.

Hamda dai ya sauka ruwa don ya jawo kwalekwalen kusa a sauke mai rauni, sai ya ga rassan da aka sake kafawa. Ya bi su har ƙurya. Da ya dawo, da kwandon ya dawo a kafaɗa, da turken da aka ɗaure shi a jiki, ya tsige shi gaba ɗaya. Ya ajiye a gaban Shadli ya koma gefe.

Kwandon wayam. A wuyansa ga farar igiya sabuwa fil, ga ɗauri biyu, an zagayo ta ƙasa, an cusa kan an mayar baya. Shadli ya sa yatsa ya bi ɗaurin. Sannan ya dubi cinyarsa, inda igiya iri ɗaya take da ɗauri iri ɗaya. Mutum uku ne suka iya wannan ɗauri a duniya, ɗaya yana kabari. A cikin biyun da suka rage kuma ɗaya ne yake mayar da kan igiya ta hagu.

"Ɗaurin Baba ne," in ji Shadli. "Amma na bahago."

Munji ya buɗe baki. Ya ce gyarawa ya yi, Sidi, ba shi ya buɗe ba, ga hancinsa shaida, a tambayi mutanen nan. Duk gaskiya ce, sai dai ta zo a makare, a bayan rantsuwa da kabari. Shadli bai ko dubi hancin ba.

"Ka san me ya fito da ni da tsakar rana?" ya ce. "Kwana uku ban buɗe kwandon nan ba. Ummi ce ta ce a bar maka shi ya taru. Tun safe kuskus yana kan wuta, kifi kawai take jira. Naka ne, Munji. Da ka ƙara haƙurin awa uku da a akushi ka same shi."

Ya miƙa hannu Hamda ya ba shi wuƙa. Munji ya ɗauka shi za a soka, ya kuma tsaya, don da ya fi masa sauƙi. Shadli ya zura wuƙar a ƙarƙashin farar igiyar da ke cinyarsa ya datse. Jini ya ɓalle sabo. Munji ya kai hannu zai danne, wan ya buge hannun da ƙotar wuƙa har yatsun suka sage. Hamda ne ya kwance rawaninsa ya ɗaure wurin da wani ɗauri na banza da ko akuya ba zai riƙe ba, ya saɓi Shadli ya saukar da shi cikin kwalekwale. Jinin ya riga ya rina rawanin kafin a ta da inji.

Munji ya kama bakin jirgi ya leƙa. Ya ce, "Sidi, me za ka ce wa Ummi?"

"Zan ce ƙaya ce ta soke ni a ruwa," in ji Shadli, bai ɗago ba. "Kai kuma zan ce iska ba ta kawo ka ba."

Da la'asar ruwa ya dawo kamar yadda ya saba, ya ɗaga jirgin ya miƙar da shi. Nizar yana kwance a ɗaki yana nishi, an naɗe masa hannu da tawul. Si Rida, da kai a kumbure, ya ce a nufi Safakis asibiti, kuma daga can Munji ya san inda dare ya yi masa. Ba wanda ya sake neman sitiyari. Munji ya ja ƙyalle da hannu ɗaya, ya fitar da jirgin ta hanyar da ubansa ya koya masa, wadda take bi ta gaban ƙauyen, kusa har ana iya ƙirga ƙofofi. Gidansu na nan, na uku daga masallaci, an yi masa sabon farin fenti. Hayaƙi yana tashi daga tsakar gidan. A bakin ƙofa akwai kujera, da wata tsohuwa a zaune a kai ta fuskanci teku, ko da yake ba ta ganin komai.

Bokitin yana nan inda aka bar shi tun hantsi, a rana, ƙudaje sun same shi har tsakiyar ruwa. Madam Dalanda ta fito ta toshe hanci da gyale, ta ce wa Munji ya zubar da abin nan a teku, ya fara wari.

"A bar shi," in ji Munji. "Nawa ne."